Makullan Mai Agogo

Abin da muka ɗauko daga asibiti: filo, bargo, ledar magunguna, da gwangwanin makullan da ya ƙi rabuwa da shi. Likita ya ce a mayar da Mai Agogo gida. Ni na tuƙa.

Mai Agogo maƙwabcinmu ne. Shekara talatin, kowane gida a layinmu wurinsa yake ajiye makulli na biyu. Da na dawo daga karatu a ƙasar waje ina bincike kan unguwa, na tambaye shi mutum nawa ne a gidansa. Ya ce ɗaya. Na sa shi a sahun marasa kowa.

"Dokta, rage gudu," in ji shi daga kujerar baya. "Ni ba sauri nake ba. Wai me aka koya maka can?"

"Ilimin zamantakewa, Baba. Wasu sun ce al'umma kamar jiki take, kowace gaɓa da aikinta. Wasu sun ce kokawa ce tsakanin mai shi da marar shi."

"A cikinsu akwai wanda aka taɓa ba wa ajiya?"

A ɗakinsa ya zazzage gwangwanin kan gado. Ko ɗaya ba a rubuta masa suna ba.

"Mai jan zare na nas ne. 'Yarta kaɗai za ka ba wa. Wannan na direba. Ƙaninsa zai zo da daɗin baki, ka ce ba ka gani ba. Lanƙwasasshen nan na tsohon bene ne, dattijon nan na gidan sama. Tun da matarsa ta rasu, kullum sai ya ce nasa ya ɓata. Yana aljihunsa. Ka ba shi kujera tukuna."

Na jawo littafi.

"Kada ka rubuta. Takarda kowa na iya karanta ta."

"Baba, ranar Asabar jirgina zai tashi."

"Na ji. Maimaita."

Sau huɗu ina maimaitawa yana gyara mini, dariya na haɗe masa da tari. "Duk bokon nan, makulli goma sha tara sun gagare ka."

Ranar Laraba da hantsi ya rasu.

Juma'a da la'asar tsohon bene ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Ya ce makullinsa ya ɓata. Ina ganin shatinsa a aljihun rigarsa. Na ba shi kujera. Awa guda ya yi, bai ambaci mamacin ba, ni ma haka.

Da ya fita na rufe ƙofa. Mahaifiyata tana ninke mini kaya.

"Umma, bar jakar nan. Ba wannan Asabar ba."