Katifar Auta

Duk labarin da Maman Auta ta kai wa Edita, haka yake dawo mata jage-jage da jan biro. Shi ya sa masu koyon rubutun littattafan yara a kamfanin suke kiran matar Jan Biro a bayan idonta.

"Zomo mai ladabi, kunkuru mai haƙuri," in ji Edita, tana ture takardun da bayan hannu. "Yaro ba wawa ba ne, tun daga bangon littafi yake jin warin wa'azi. Ba ki da 'ya'ya ne? Je ki rubuto abin da yake ci wa yaro rai."

Maman Auta ta koma gida. Aikinta ta ajiye saboda wannan buri, ga dangin miji sun fara yi mata shaguɓe, wai ina littafin. Tana shiga ta tarar da katifar Auta jingine a bayan ɗaki, inda idon maƙwabta ba ya kaiwa. Shekarar Auta tara, har yanzu tana fitsarin kwance. Daga ita sai uwar suka sani, kuma ta taɓa sa uwar ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba.

To, ba ta faɗa ba. Rubutawa ta yi.

Babu abin da ta rage: ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin zanen gado, yadda yarinyar take ƙin shan ruwa tun la'asar, ciwon cikin ƙarya duk ranar da aka ce ta kwana gidan ƙawa. Suna kawai ta canza. Edita ta karanta har ƙarshe ba ta cire murfin biro ba.

"Yau kika zama marubuciya," ta ce. Daɗi ya kama Maman Auta har ƙwalla.

Mai zane ya nemi fuskar da zai kwaikwaya, sai ta tura masa hoton Auta daga waya: wushirya, da tabarau mai karyayyen hannu da aka ɗaure da shuɗin zare. Ta ce ya ɗan sauya. Bawan Allah launin riga kawai ya sauya.

Ƙa'idar kamfanin ce, kafin a buga littafi sai an karanta wa ajin yara sa'annin masu karatunsa, Edita na zaune a baya tana duba wa zai yi hamma. Da aka faɗi makarantar, sai Maman Auta ta ji ashe ta Auta ce. Ai azuzuwa da yawa ne, ta ce wa kanta.

Ajin Auta aka kai su.

Maman Auta ta fara karatu, yara suka yi tsit, irin shirun da ta daɗe tana mafarki. Sai ta ɗaga shafin zane. Wata yarinya ta kalli hoton, ta waiga.

"Malama, ga shuɗin zaren can."

Kawuna suka juya gaba ɗaya. Dariya ta ɓarke, wani ya toshe hanci, ƙawar da ke kusa da Auta ta ja jakarta ta matsa ƙarshen benci. Auta ba ta yi kuka ba. Ta cire tabarau, ta sa a aljihu, ta zuba wa uwarta ido.

A baranda Edita sai fara'a take. "Ko ɗaya bai yi hamma ba."

"Malama, 'yata ce."

"Na sani tun ranar da na karanta. Wa zai san zancen leda in ba uwa ba?"

"A canza zanen, don Allah."

"Zanen ne ya tashi ajin. Kuma bakin alƙalami ya riga ya bushe, yaran nan sun gani. Ko a buga haka, ko ki koma wa zomonki."

Maman Auta ta tuna dangin miji, ta tuna shirun nan na aji. Kunya ta kama ta, amma ba ta hana ta magana ba.

"A buga."

Da yamma ta sami Auta a bakin famfo tana wanke zanen gado da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Auta, littafin nan zai taimaki yara da yawa masu irin..."

"Mama, a labarinki yarinyar ta daina."

"Eh, ta daina."

"Ni ban daina ba."

Ta share hannu a siket, ta zagaya bayan ɗaki, ta jawo katifar tana nishi, har ƙofar gida. Ta jingina ta da katanga, tabon yana kallon titi.

"Me kike yi haka?"

"Nan rana ta fi. Me ya rage a ɓoye?"

Maman Auta ta tsaya tana kallon 'yarta, ƙarama, ba tabarau, kusa da katifar da ta fi ta tsawo. Tausayi ya cika ta, ta so ta rungume ta. Amma kafin ta ɗaga ƙafa sai ta ji kanta tana cewa a zuci, wannan zai yi kyau a bangon littafi na biyu.