Askin Ƙwal-Kwabo

"To ka je ka faɗa wa Mama, Nilton," in ji Yovana.

"Ke ki faɗa mata mana, tunda bakinki na ƙaiƙayi."

"Kaina aka aske? Dube shi don Allah, kai kamar dankalin da aka fere."

Muna bayan gida, a gindin tankin ruwa. Yovana yayata ce. Duk gidan ita kaɗai ta san ban ci jarrabawar shiga jami'a ba, don a wayarta muka duba sakamakon. A tsakar gida Kawu Fortunato yana haƙa ramin gasa nama, an jera duwatsu a kan wuta. Tunkiyar Mama tuni tana rataye.

Abin da ya faru ba shi da yawa. A garinmu Huancayo duk wanda ya ci jarrabawar, abokansa aske shi suke yi nan take. Abokina Rómulo ya ci. Na je ƙofar jami'ar in taya shi murna, 'yan ajinmu suka rufe shi da almakashi. Na rungume shi, sai na ji sanyin ƙarfe a ƙeyata. Wani da ban ma sani ba ne ya ga ina cikin masu ihu. Kafin in juyo, rabin sumata na ƙasa. Na wuce wurin mai aski ya ƙarasa sauran.

Mama na shanya na shigo. Ta kalli kaina, rigar da ke hannunta ta faɗi cikin taɓo. Ba ta tambaye ni ba. Ta fita da gudu tana kiran maƙwabta.

A makarantar share fage da na yi shekara ina zuwa, akwai wani Malam Huamán mai koyar da tambayoyin auna hankali. A ba ka magana biyu, a ce ka fitar da ta uku. Yakan zana babbar da'ira a allo, ya zana ƙarama a cikinta.

"Duk direban bas yana ashar," yakan ce. "Kawuna yana ashar. Ke nan kawuna direban bas ne?"

Rabin aji su ce eh.

"Ku tashi ku koma gona! Kawuna mahauci ne. Masu ashar babbar da'ira ce, direbobi ga su nan 'yan mitsitsi a ciki. Don mutum yana cikin babbar, ba shi ne ya shiga ƙaramar ba."

Irin wannan tambayar ta fito a jarrabawar. Ita kam na ci ta. Lissafi ne ya kayar da ni.

Duk wanda ya ci an yi masa aski. An yi wa Nilton aski. Tun safe nake juya maganar nan biyu a kaina, kuma na san ta ukun ba ta fita. Unguwarmu kaf ta fitar da ita.

"Nilton, magana nake maka," Yovana ta ce. "In an binne naman nan shi ke nan, ka shiga rami tare da shi."

"Na ji, Yaya."

"Ka ji. Kullum ka ji. Ko kunya ba ka ji?"

Na duba cikina in ga ko akwai kunyar. Babu komai. Sanyi kawai nake ji a ka.

Kawu ya kira mu mu kama masa. Muka zuba dankali a kan duwatsun, sai nama, sai ɗanyen wake da masara, aka rufe da ganye da buhu, aka tura ƙasa. Ya shafa kaina da hannunsa mai toka.

"Injiniya! Ka fara gina mini bene, ka ji ko? Mai hawa uku."

"To, Kawu."

Da aka tone ramin, gidan ya cika. Kowa ya zo sai ya ɗan mari ƙeyata. Aka ba ni cinya. Na ci, ban ji ɗanɗanonta ba.

Yovana ta ajiye farantinta. "Mama, ai sojoji ma aski ake musu."

"Sai aka yi yaya?"

"Fursunoni ma haka. Har masu ƙwarkwata."

Aka fashe da dariya. Mama ta ɗaka mata duka a kafaɗa. "Ji 'yar baƙin ciki! Ke da kika ci taki wa ya hana ki aske naki?"

Yovana ta kalle ni. Na kalli ƙashin da ke hannuna.

Mama ta shiga ɗaki ta fito da hular ulu, sabuwa, ja da fari. Ta ce tun lokacin da na fara zuwa share fage ta saƙa ta ɓoye, don ta san kan zai buƙata. Ta sa mini da kanta, ta ja ta har kunnuwa. Ta yi mini daidai.

Ta riƙe fuskata da hannu biyu, hannayenta na ƙamshin hayaƙi.

"To, ɗana, wace rana za ku fara shiga aji, in rufe shago in raka ka?"