Ƙarfe a Huhun Goro

A zamanin da unguwar Sabo ta Ibadan ba ta daɗe da kafuwa ba, motocin kayan da ke cikinta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ɗaya daga ciki Gwadabe ke janta. Ba tasa ba ce, ta Maigida Mahmuda ce, fatoma, wato mai masaukin fataken goro. Amma ko mai ita bai damu da ita kamar Gwadabe ba, don shi ya san inda ta tsamo shi.

Ɗan dako ne a da. Tun gemu bai fito masa ba yake ɗaukar huhun goro zuwa tashar jirgi, har wuya ya ce ya gaji. In ya ɗora kaya sai yatsunsa su mutu, wani abu kamar allura ya bi shi daga ƙeya har ƙugu. Mai ɗori ya lalubi wurin ya ce masa, in yana son ƙafafunsa, to kansa da kaya sun rabu har abada. Tausayi ya sa Maigida ya haɗa shi da Lasisi, bakanike Bayarabe, ya koyi tuƙi da ɗan kwance-kwance. To ga motar nan ta kwanta ana tsakiyar kakar goro.

Lasisi ya buɗe inji, ya zaro wata sandar ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi, wadda in tana juyawa take buɗe wa injin numfashi tana rufewa. Kamshaf suke kiranta. Ta tsage, kuma sai a Ikko ake samun irinta.

Maigida bai yi rufa-rufa ba. Ya ce jinyar motar nan ta ishe shi. Wannan ne gyara na ƙarshe, in bai yi ba akwai wani ɗan Ijabu da ke zawarcinta, kowa ya koma sana'ar da ya iya. Tsoro ya kama Gwadabe, irin wanda namiji ba ya gaya wa ko matarsa.

Baba Ɗanjuma aka ba saƙon sayo ƙarfen, wani tsohon bafatake da ba a taɓa jin ya ɓatar da allurar wani ba. Sai dai tsohon nan tun tasowarsa bai san abu mai daraja ba sai goro, bai kuma san gatan da ake yi wa kaya ba sai irin na goro. Da aka miƙo masa ƙarfen a kanti, naɗe cikin takarda, ya sha giris damƙam, sai ya ga tsabar ƙazanta ce. Ya sa toka ya wanke shi fes, ya naɗe shi da ɗanyen ganyen fita, irin wanda ake naɗe goro da shi, ya ɗaure tamau. A hanyar dawowa ya yada zango a Shagamu yana sayen goro, Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Kullum in ya yayyafa wa goronsa ruwa sai ya yayyafa wa ƙarfen, har da ƙari, tun da amana ce.

Ranar da ya iso, da kansa ya kwance ƙunshin a gaban Gwadabe da Lasisi, yana murmushi.

"Ga shi nan, ɗana. Ban bari rana ta gan shi ba ko sau ɗaya."

Ƙarfen ya yi jawur. Tsatsa ta ci ƙusumban nan ta bar musu ramuka kamar zanzana. Gwadabe ya dubi tsohon, ya dubi farin gemunsa. Me zai ce?

"Allah ya saka da alheri, Baba. An gode."

Sai da tsohon ya sha kwana Lasisi ya kama kai.

"Ye! Oga Gwadabe, wannan ya mutu o. Ƙarfinsa a fatarsa yake, fatar kuwa ta tafi. Je ka gaya wa Maigida."

"In gaya masa ya kira ɗan Ijabu? Ka rufa mini asiri, Lasisi. Mu sa shi haka."

Suka sa. Gwadabe ya yini yana gurzar ƙarfen da lallausan yashi da manja har ya yi ƙyalli. Ramukan dai suna nan, ƙyallin ne ya ɗan ɓoye su. Suka shafe shi da baƙin mai, suka zura shi a hankali cikin mazauninsa, Lasisi ya daidaita haƙoran giya alama da alama, suka mayar da murfi suka ɗaure. Gwadabe ya yi bismilla ya murza ƙarfen tayarwa. Injin ya yi tari, ya sake, sannan ya kama ruri. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Maigida ya ba Gwadabe babban goro fari. Ya karɓa da hannu biyu, kunnensa kuwa na kan injin, don shi kaɗai yake jin wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin rurin.

Motar ta yi sawu kaɗan lafiya. Ƙas-ƙas ɗin na ƙaruwa, ƙarfinta na raguwa, shi kuwa yana ƙara mata mai yana addu'a. Ran nan da rana tsaka, sun taso daga Shagamu da kaya maƙil, a kan wani hawa ta shaƙe ta tsaya. Gwadabe ya buɗe ya taɓa man injin, ya ji garin ƙarfe a yatsunsa. Ƙusumban sun cinye.

Goro ba ya jiran kowa. In rana ta dafa shi a huhu, ya tashi daga aiki. Rabi'u, wakilin Maigida da ke tare da su, ya ruga ƙauye ya samo 'yan dako, aka fara kwasa zuwa wata rumfa da ke can gangare. Hannu bai isa ba, rana kuwa na ƙara zafi. Ba wanda ya ce da Gwadabe ya ɗauka. Shi ne ya tsaya yana kallon dukiyar mutumin da ya yi masa rana tana shirin lalacewa saboda shirun da ya yi. Kunya ta fi ƙarfin tsoro. Ya naɗe hularsa da rawani ya yi gammo, ya ce a ɗora masa.

Ya yi tafiya mai ɗan dama, har ya fara cewa a ransa mai ɗorin nan ya cika baki. Sai ƙafarsa ta faɗa wani ɗan rami. Ya ji ƙas a ƙeyarsa, ba ma da ƙarfi ba. Bai ji faɗuwarsa ba, sai ganin sama ya yi.

"Sannu, Gwadabe! Tashi, tashi," in ji Rabi'u, yana jan hannunsa.

Yana ganin hannun a cikin na Rabi'u, amma bai ji an taɓa shi ba. Ya ce wa ƙafafunsa su motsa, ba su amsa ba.

Sai da aka gama kwashe goron sannan aka ciro katakon bayan motar aka kwantar da shi a kai. 'Yan dakon sababbin hannu ne, suka tsaya gardamar yadda za su ɗaga. Gwadabe ne, daga kwance, ya gaya musu dogon ya koma baya, su kuma ɗaga a tare.