Zoben Ƙafar Tsuntsuwa

Ƙarfe shida da rabi na safe, hazo kwance a kan fadama, ni da Baba Mai Hoto muna tsugune a bayan ciyawa, laka har idon sawu. Maƙwabcina ne. Shekara arba'in yana ɗaukar hoton fasfo kafin ya rufe shago. Ni kuwa lambuna yana nan bakin ruwan.

Tsuntsuwar na gabanmu, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, tana caka dogon bakinta a taɓo. Akwai zobe a ƙafarta ta hagu. Bara Baba ya ɗauki hoton wata mai zobe, ya rubuta lambar da ke jikin zoben a littafinsa. So yake ya san ko ita ce ta dawo.

Ya ɗaga kyamara, ya saita. Sai bakinsa ya riga shi.

"Yauwa, kar ki motsa."

Fir, ta tashi.

"Baba, ka sake."

"Shekara arba'in fa, ɗan nan. Ban taɓa ɗaukar mutum ban gaya masa ba."

"Wannan ai ba mutum ba ce."

"Wadda ta tsallako teku ba fasfo? Ta fi ni da kai."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sau huɗu muna zuwa, sau huɗu yana korar ta. Na biyar ƙafarsa ta ƙi. Na same shi a ɗaki, kyamarar a kan ƙirjinsa.

"Nan za ka danna. Kai da ba ka da surutu, za ta tsaya maka."

"In ba ita ba ce fa?"

"Sai ka gaya min. Amma da wuri, kafin tsuntsayen su koma inda suka fito."

Kwana uku ina zuwa ba ta sauka ba. Ranar Laraba ya rasu. Ranar Asabar ta sauka, dab da fangalin albasata. Na kwanta rub da ciki, na danna.

Na tarar da Inna, matarsa, tana ninke rigunansa. Na buɗe littafin, na ƙara girman hoton, ina bin lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ita ce?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ita ce."

"Dama ya ce."

Ta ci gaba da ninki. Na ɗauki bironsa, na rubuta lambar a ƙarƙashin ta bara. Rubutuna bai kai nasa kyau ba. Na goge lakar da ke jikin kyamarar da bakin rigata, na rataye ta a ƙusarta.