Halwar Alhaji Aƙilu

Duk wanda ya san Alhaji Aƙilu a Nassarawa ya san shi da carbi a hannu. Tun yana ƙaramin akawu ya karɓi wuridi wurin Shehu Zubairu na Tudun Wada, har ya zama babban sakatare, gwamnati ta ba shi gidan da wani Bature ya tashi ya bari, bai taɓa fashin wazifa ba. Abu guda yake nema a duniya, kuma bai ɓoye wa kowa ba: fatahi, wato ranar da za a yaye wa bawa labule, ya manta da kansa, ya ga babu kowa sai Allah. Yana nan yana jira har furfura ta cinye masa gemu.

Sai ga shi an yi wa Ya'u.

Ya'u ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da kuɗin mai suka ɓarke a ƙasa sai ya faɗa kwangilar siminti, ya sayi gidan da ke jikin katangar yayansa, ya sayi Marsandi, ya shiga sa wando fantalo yana zuwa kulob. Sallar asuba kuwa sai rana ta take. Bara waccan ya yi mummunan haɗari a hanyar Zariya, mota ta tashi aiki, shi ya fito ko ƙwarzane babu. Tsoro ya kama shi, ya biyo yayansa zawiya. Alhaji Aƙilu da hannunsa ya nuna masa yadda ake jan carbi.

Ran wata Juma'a bayan la'asar, ana tsakiyar zikiri, sai Ya'u ya yanke jiki ya faɗi yana kuka kamar yaron da aka yaye. Da ya farfaɗo bai gane kowa ba, murmushi kawai yake yi. Shehu ya dafa kansa ya ce, "An buɗe masa." Jama'a suka ɗauki kabbara. Alhaji Aƙilu ma ya yi, amma wallahi baƙin ciki ya ji, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka tsallake shi a ƙarin girma.

"Ya'u fa, Luba," ya ce da matarsa da ya koma gida. "Ya'un da har yanzu sai na gyara masa Fatiha."

Hajiya Luba ta ce, "To Alhaji, ai kyauta ce. Mai bayarwa bai shawarci kowa ba."

"Na ce miki ba kyauta ba ce? Tambaya nake, ni me na yi?"

Washegari ya je ya durƙusa gaban Shehu ya nemi izinin shiga halwa. Shehu ya dube shi ya ce, "Da saura tukuna." Duk ɗan ɗarika ya san ba a shiga halwa sai da izini, shi ma ya sani, har ya sha gaya wa yara. Amma ya ɗauki hutu a ofis, ya sa aka baza cewa ya tafi taro Ikko, ya sa aka kwashe tarkacen da ke ɗakin bayan gida, ya shiga da buzu da buta ya ja ƙofa. Ya ce da Luba ta riƙa ajiye masa kunu da dabino a bakin ƙofa, kada ta yi masa magana ko gidan na cin wuta.

Abin da bai lura da shi ba, tagar ɗakin tana kallon katangar Ya'u.

Ya zauna ya fuskanci alƙibla ya fara hailala. Sai ƙarar mota a gidan maƙwabci. Wata ta tsaya, wata ta biyo. Mutane ne ke zuwa gaida sabon arifi, wato masanin Allah, har da waɗanda a da sai sun yi awa a barandar Alhaji Aƙilu kafin ya fito. Yana jin muryar Ya'u tana cewa, "Ni ban san komai ba, ku je wurin Yaya idan ya dawo." Wannan ta fi komai ƙona masa rai. Wato har da tawali'u aka haɗa masa!

Ya toshe tagar da bargo. Ya rufe ido, sai ga Ya'u. Ga shi yana yaro da majina yana bin sa makarantar allo. Ga shi cikin fantalo yana kaɗa mukullin mota. Ga shi kwance a tabarmar zawiya, hannun Shehu a kansa. Harshe na ambaton Allah, zuciya na ta tambayar me aka gani a jikin yaron nan. Kwanaki suka tafi a haka. Kunun ma ya daina taɓawa, don ya ji an ce yunwa tana gaggauta abin.

Da Hajiya Luba ta ga kwano na dawowa yadda ta kai shi, sai ta yafa mayafi ta sa direba ya kai ta Tudun Wada. Da hantsi Shehu ya iso. Kuma a sabuwar Marsandin wa? Alhaji Aƙilu ya san kukan injin motar ƙanensa ko cikin barci.

Shehu ya shigo shi kaɗai, ya yaye bargon taga, ya zauna a ƙasa. Bai yi faɗan izini ba. Ya dubi idanun da suka zurma, ya yi tambayar da yake yi wa duk wanda ya fito daga halwa.

"Me ka gani?"

Alhaji Aƙilu ya so ya ce haske. Ya san yadda masu fatahi suke faɗa, ya ji su ba sau ɗaya ba. Amma ba a yi wa Shehu ƙarya ido da ido.

"Ya'u na gani, Shehu."

"Sai me?"

"Shi kaɗai."

"In ka buɗe ido fa?"

"Shi ne."

"Ka tuna da ofis? Ka tuna da 'ya'yanka? Yunwa fa?"

"Ban tuna da kowa ba. Kaina ma na manta." Hawaye suka zubo masa, ya kasa sharewa.

Shehu ya murza carbinsa. Can ya ce, "Aƙilu, tun kana saurayi kake tambayata yadda bawa yake narkewa cikin wanda yake ambato, har ya rasa kansa. To ga shi ka yi. Ban taɓa ganin almajirin da ya riƙe abu ɗaya a zuciya kamar yadda ka riƙe yaron nan ba. Da Allah ka riƙe haka, da tuni ka wuce shi nesa ba kusa ba."

Alhaji Aƙilu ya ɗago kai da sauri. Fuskarsa ta washe, karo na farko tun ranar Juma'ar nan.

"Da na wuce shi, Shehu?"

Shehu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya leƙa waje ya ce da Hajiya Luba ta kawo masa abinci mai nauyi, da sauran tafiya a gabansa.