Akwatin da Alhaji Ya Kashe

Har yau in na tuna da ranar Larabar nan, raina ɓaci yake yi.

Ni ne mai kula da kwamfuta a shagon ɗaukar hoto na Alhaji Muƙaddas, a unguwar Jadid cikin Sabha. Muna ɗaukar bidiyon suna da na aure na 'yan ci-rani. Bidiyon yakan yi wa waya nauyi, don haka muka sayi wani baƙin akwatin ajiya muna zubawa a ciki, kowane gida da jakarsa. Na ɗora wa kwamfutar shago manhaja wadda za ta riƙa ɗauko jakunkunan daga akwatin tana nuna wa duk wanda muka tura wa adireshi, ko yana Zindar ko yana Kano.

Na sha wuya kafin su jitu. Yau manhaja ta ce ba ta ga akwati ba, gobe akwati ya ce bai ba ta izinin shiga ba. Da abu ya daidaita, roƙo ɗaya na yi wa Alhaji: kada a kashe akwatin. In an kashe shi, manhajar ba ta ma cewa akwai matsala, fanko kawai take nunawa.

Ya ce, "Ma fish mushkila, Mas'ud." Alhaji kuwa in ya ce ba matsala, to ka fara shirin ta.

Sadissou lebura ne mai aikin gini a unguwar Gurda, mutumin Nijar. Mun ɗauki sunan 'yarsa, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, Fassouma. Tsohuwar tana wani ƙauye da waya ba ta kamawa, sai ranar Laraba in ta bi motar kasuwa zuwa gari. Can wani mai shago ya yi alkawarin buɗe mata bidiyon a wayarsa, don shi Sadissou 'yar ƙaramar waya ce da shi mai maɓalli.

Ran nan tun da safe aka ɗauke wuta, ina can ina gyara a wani shago. Alhaji ya tayar da janareta, ya ga ba zai ɗauki komai da komai ba. Ya dubi akwatin, ba allo, ba motsi. Sai ya zare shi ya jona firjin ruwan sanyi.

Na dawo bayan la'asar na tarar da Sadissou a bakin ƙofa, siminti har gira.

"Malam Mas'ud, sun buɗe, ba komi ciki. Reso akwai, waya tana kamawa, amma fari ƙal. Inna tana can zaune tun hantsi."

Na leƙa bayan tebur na ga wayar wutar akwatin a ƙasa. Na ce, "Haba Alhaji! Haba don Allah!"

"To ruwan zafi zan ba baƙi? Ai na bar maka kwamfutar a kunne. Wannan kuwa shan wuta kawai yake yi."

Da ba don furfurarsa ba, da na faɗi abin da zai raba ni da aikin. Na zare firjin a gabansa, na mayar da akwatin. Akwatin ya daɗe kafin ya tashi, sannan na sake haɗa shi da kwamfuta, na tayar da manhaja. Jaka ta bayyana, ga liman yana raɗa suna, ga jaririya tana tsala kuka.

Alhaji ya ce, "Ka gani? Ba abin da ya ɓata. Ta kalla wani satin mana."

Sadissou ya kira mai shagon can garin. Ya daɗe yana sauraro, sannan ya zauna a kan benci.

"Motar kasuwa ta tashi," in ji shi.

Na ce masa ya yi haƙuri, Laraba ba ta da nisa. Ya girgiza kai. Ashe ɗansu na fari a nan Sabha ya rasu, shi kuma ya yi abin da 'yan ci-rani da yawa suke yi, ya ɓoye wa tsohuwa don kada ta shiga damuwa, har ta ji a bakin wasu. Tun daga nan ta ce ba ta ƙara yarda da bakinsa, sai abin da idonta ya gani. Ya rantse mata za ta gani, ta zo ta ga fari.

"Ta bar saƙo?" na tambaya.

"Ta bari. Ta ce a gaya mini in daina wahalar da kaina. Ta ce Allah ya sa mai ceto ce, ita kuma za ta je gida ta karɓi gaisuwa."