Auta Ya Ɗaga Motar Baba

Da Baba ya rasu, 'ya'yansa duk sun yarda a sayar da tsohuwar a-kori-kurarsa, in ban da Auta da ya yi ta kuka har da majina. Inna ce ta raba gardama. Ta ce motar ta zauna a hannun Auta bisa sharaɗi guda: shi zai riƙa kai ta wajen likitan gwiwa. Ranar da motar ta kasa kai ta, Yaya, babbar 'yarta, ta karɓi makulli ta sayar.

Motar mai ja da ƙafa huɗu ce, ta tsufa amma ba ta san raki ba. Tayoyinta sirara ne, a kan rim inci sha biyar. Ƙarƙashin ƙofar mai zaman banza kuma akwai wani mataki na ƙarfe, karkatacce, mummuna, wanda Baba ya yi wa walda da hannunsa shekarar da gwiwar Inna ta fara ciwo.

Shi Auta gajere ne, kuma duniya ba ta taɓa barinsa ya manta ba. In ya tsaya a danja wata jibgegiyar mota ta tsaya kusa da shi, sai ya ji kamar da gangan direban yake leƙo shi daga sama. Haushin nan kan ƙaramar motar mijin Yaya yake saukewa, wadda ya laƙaba wa suna kwanon sabulu.

Tayoyi dai sun suɗe, wannan gaskiya ce, ba wanda zai ga laifinsa don ya tafi shagon mai taya. Mai taya ya gangaro da guda huɗu daidai da na da. Auta ko kallonsu bai yi ba, idonsa na can kan wasu ƙatti masu haƙora da aka jingine a bango.

"Waɗancan fa?"

"Ai maigida, waɗancan na manya ne," in ji mai taya, wanda ya riga ya karanci mutuminsa. "In ka saka su, duk mai gaishe ka sai ya ɗaga kai."

An sosa wa Auta inda ke masa ƙaiƙayi. Sai dai tayar ba ta hawa tsohon rim, dole a sayi na inci sha bakwai. Aka saya. Aka ɗaura, sai ga shi in an murɗa sitiyari taya na gugar jikin mota. Mai taya ya miƙa shi ga makaniken da ke maƙwabtaka da shi, makanike ya ɗaga motar sama, ya ƙara mata tsayi. Tayar gaba ta ci gaba da taɓa bakin matakin Baba, makanike ya miƙa shi ga mai walda. Haka suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, kowa na yabon basirarsa.

"A rage shi ko a cire?" mai walda ya tambaya.

"Cire shi," in ji Auta. "Dama shi ke ɓata mata kyau."

Aka yanke, aka wurga shi cikin tarin ƙarafa. Auta ya dawo gida yana kallon rufin motocin mutane, zuciyarsa fes. Shi kansa sai ya kama sitiyari ya yi tsalle kafin ya hau, don haka ya zagaya bayan gida ya yi ta gwaji har ya iya hawa ba tare da ya yi nishi ba. Inna ko sau ɗaya ba ta faɗo masa a rai ba.

Ranar asibiti da safe Inna ta fito tana dogara sanda. Ta tsaya gaban ƙofar motar, kujera ta zo mata daidai ƙirji. Ta kai ƙafa inda ta saba kaiwa, ƙafar ta dawo ƙasa.

"Bari in kawo bulo, Inna."

Ya kawo ɗaya, bai isa ba. Ya ɗora na biyu, bulon ya yi ta rawa. Maƙwabta suka fara fitowa, wannan da buroshi a baki, wancan da tsintsiyar da ba ya shara da ita.

"To bari in ɗaga ki."

"Ni ka ɗaga? A gaban jama'a, kamar buhun gawayi? Ni na goye ka, Auta, kuma ban sha wuyar ɗaga ka ba."

Dariya ta tashi daga ƙofar gidan da ke kallon nasu. Gumi ya karyo wa Auta. Ya durƙusa da tsinke ya shiga sace iskar sababbin tayoyinsa, ɗaya bayan ɗaya, suna huci, motar na sunkuyowa a hankali. Ta sauko iya saukowarta, kujera ta tsaya daidai cikin Inna. Yanzu ga mota ba ta hawuwa, ga ta ba ta tafiya.

Ana haka kwanon sabulu ya shawo kwana. Yaya ta fito, ta dubi bulo, ta dubi tayoyin da suka baje, ta miƙo hannu a ba ta makulli.

"Inna, ki sa baki," in ji Auta. "Wallahi gobe zan sa a ƙera miki sabon mataki, mai kyau, har da roba. Motar Baba ce fa."

Inna ta sunkuya da ƙyar ta shafa wurin da aka yanke, inda ƙarfen ke ƙyalli.

"Ina na babanka?"

Sai a lokacin Auta ya ji kunya ta gaske, wadda ba ta maƙwabta ba.

Mijin Yaya ya buɗe wa Inna ƙofar ƙaramar motarsa, ta zauna salin-alin, ba bulo ba tsalle. Kafin a rufe ta dubi 'yarta.

"Karɓi makullin ki sayar. Ni motar mijina na ce a bari, wannan kuwa ban san ta ba."